"Duk ɗaya na": yadda tintek ɗin mota ya cinye wa yayana tagar shago a Gwashi

1/ Zare ne mai tsawo, ku gyara zama. Maganar baƙar ledar nan ce ta tintek da ake liƙa wa tagogin roba a shagunan POS, kemis, wurin cajin waya da ɗakunan samari. Na ce a daina liƙa tintek ɗin mota a kan roba. Wanda ya karɓi kuɗinka ya liƙa maka shi, ko dai bai san aikinsa ba, ko ya sani ya yi gum. Babu mai daɗin ji a cikinsu.

2/ Na san masu sana'ar za su yi min ca. Bismillah, amma ku karanta zuwa ƙarshe tukuna, don mu masu saye ma akwai namu kason laifin, kuma ba zan rage mana ba.

3/ Yayana yana da ɗan shagon POS da cajin waya a Gwashi. Duk ɗan yankin Anka, Bukkuyum da Gummi ya san abin da hanya ke yi wa kaya. Gilashin da ka saya a Gusau sai ya bi ta Mayanci da Anka a bayan mota, a ƙarƙashin buhuna, direba na tafe yana sauri don kada yamma ta yi masa a daji. Sau biyu ana kawo masa gilashin taga a tsage.

4/ A na uku ya yi dabara ya sayi fallen roba, irin mai haske kamar gilashi. Ta iso lafiya lau, mai alminiyam ya ɗaura, kowa ya yaba. Zaɓin nan ba shi da aibu, ni ma da shi zan ba kowa shawara a irin hanyarmu.

5/ Matsalar ita ce tagar yamma take kallo. Daga azahar zuwa la'asar sakaliya shagon ya zama tanda, wayoyin mutane na kan caji suna ɗaukar zafi. Ga kuma idon jama'a a kan aljihun teburin kuɗi. Sai aka haɗa shi da wani mai liƙa wa motoci tintek.

6/ Ina gida hutu a ranar, ƙarshen hunturu. Na ce masa, "Malam, wannan fa roba ce, ledar taka ta roba ce ko ta gilas?" Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ɗan makaranta, duk ɗaya na. Mota nawa ni yi ma wanga aiki?" Yaya ya harare ni, irin hararar nan ta yi wa babba shiru. Na yi shiru.

Kanawa, "na" ɗin nan shi ne "ne" ɗinku, kada ku cika min waje da tambaya.

7/ Gaskiya ranar ta yi kyau. Baƙa sil, tana sheƙi, har masu wucewa na tsayawa su gyara hula. Na koma makaranta. Kafin watan Afrilu ya ƙare Yaya ya turo min hoto: taga ta yi bororo ko'ina kamar wanda ruwan zafi ya ƙona, wasu kamar ƙwayar gero, wasu kamar tafin jariri. Gefe-gefe kuma ledar ta yamutse.

8/ Ya kira mai aikin. Amsa: "Zafin bana ya yi yawa." To da a Zamfara wace shekara ce aka yi bazara da bargo?

9/ Kemistiri nake karantawa, don haka bari in faɗi abin da ya faru a cikin tagar nan, da Hausa. Abin da muke kira roba mai haske iri biyu ne manya. Akwai akirilik, wadda 'yan kasuwa ke kira Perspex ko Plexiglas, an fara yin ta a Jamus da Ingila a wajajen 1933 zuwa 1934. Akwai kuma folikabonet, wadda Hermann Schnell na kamfanin Bayer da Daniel Fox na General Electric suka gano kowa da kansa a 1953. Ita ce ake sayarwa da sunan Makrolon ko Lexan, kuma ita ce ake rufin rumfar mota da ita.

10/ Tintek kuwa siririyar leda ce ta foliyesta, dangin robar gorar ruwa, da gam a gefe ɗaya. Kamfanin 3M ya yi rajistar ledar tare zafin rana a 1966, kuma tun daga nan yawancin abin da ke kasuwa don gilashi aka yi shi. An auna gam ɗin da halin gilashi. Shi gilashi ba ya shan ruwa, ba ya fitar da komai, da ƙyar yake motsi. Roba duk ukun nan tana yi.

11/ Na farko, tana shan danshi. Ba za ka gani da ido ba, amma roba na tsotsar laimar iska kaɗan-kaɗan tana ajiyewa a jikinta. Masana'antun da ke lanƙwasa folikabonet da wuta sai sun fara busar da ita a tanda mai zafin digiri wajen 120 na sa'o'i, in ba haka ba ta fito da kumfa a ciki. Su da suka yi ta ke nan suna tsoron danshinta.

12/ To rana ta daki tagarka, danshin nan ya zama tururi yana neman hanyar fita. Da babu leda, iska ce za ta kwashe shi, babu wanda zai sani. Kai kuma ka toshe masa ƙofa da leda da gam. Sai ya taru a tsakani ya kumbura. Bororon da Yaya ya gani ke nan. Ba hannun mai liƙawa ne ya karkace ba. Ko gwanin gwanaye ne ya liƙa, in ledar ta gilashi ce, hatsarin na nan.

13/ Na biyu, miƙewa. Komai na miƙewa in ya ji zafi, ya tsuke in ya ji sanyi, amma ba daidai ba. Ɗauki falle mai tsawon mita 1, zafi ya ƙaru da digiri 30. Gilashi zai miƙe da abin da bai kai kashi ɗaya cikin uku na milimita ba. Roba za ta miƙe da milimita 2 ko kusa da haka. Ninki bakwai ko takwas.

14/ Digiri 30 ba wani abu ba ne a wajenmu. Asubahin hunturu yakan sauko wajen 15, azahar ɗin Afrilu ta wuce 40, kuma wannan zafin iska ne. Jikin baƙar taga da ke kallon rana ya fi haka nesa. Ku taɓa murfin baƙar mota da ƙarfe biyu na rana ku ba ni labari.

15/ Ita ledar ba ta miƙewa ko rabin yadda robar ke yi. Kullum da rana roba ta ja, leda ta ƙi. Da dare roba ta dawo, leda ta tattare. Kamar ka ɗinka shadda a jikin robar wando ne kana ja kana saki. Wata biyu ana wannan kokawa, dole gam ya gaji, shi ne yamutsewar gefe.

16/ Masu alminiyam, ku ma ga naku a nan. In za ku ɗaure roba da sukuru, ramin ya fi sukurun faɗi, kuma ku bar mata 'yar tazara a cikin firam. In kun matse ta kamar gilashi, ba ta da wurin miƙewa, sai ta yi ciki ko ta tsage daga bakin rami.

17/ Na uku shi ne ya fi ba ni haushi, don shi ya kashe tagar gaba ɗaya. A kan gilashi, in tintek ya lalace, reza za ka sa ka kankare, ka goge gam, gilashinka ya dawo sabo. Asarar leda kawai ka yi. A kan roba gam ɗin kama jiki yake yi, kuma reza yanka ta take yi.

18/ Yaya ya sa yaron shago ya kankare. Leda ta fita guntu-guntu, gam ya zauna, ga zane ko'ina kamar kaji sun yi tono. Wani maƙwabci ya ce a sa fetur. Aka sa. Wani ya ce ai tina ta masu fenti ta fi. Aka sa. Washegari taga ta yi fari fat kamar mai yanar ido, da ƙananan tsaga kamar gizo-gizo ya yi saƙa a cikinta. Garin neman gira aka rasa ido.

19/ Fetur, tina, asiton ɗin goge farce, da ruwan goge gilashi mai amoniya, duk maƙiyan roba ne. Suna shiga jikinta su sassauta ta, inda take a matse kuma ta tsattsage. Tsagar nan ba ta gyaruwa. Babu man da za ka shafa.

20/ Lissafi: kuɗin roba, kuɗin mota daga Gusau, kuɗin ɗaurawa, kuɗin tintek, sannan a sake sayen wata robar a sake biyan mota. Mai POS a ƙauye da naira ɗari-ɗari yake tara ribarsa, kuma sai in akwai sabis. Ku tuna Satumbar 2021 da aka rufe layukan waya a Zamfara, masu wannan sana'a zaman dirshan suka yi. Irin wannan mutumin ne aka ce wa "duk ɗaya na."

21/ Yanzu in juyo kanmu. Me ya sa muke son baƙa sil? Mun ɗauka duhu shi ne sanyi. Ba haka ba ne.

22/ Kusan rabin ƙarfin da rana ke aikowa yana zuwa ne a hasken da ido ba ya gani, wanda fata ke ji a matsayin zafi. Tintek mai araha rini ne kawai aka zuba a leda. Yana rage hasken da kake gani, ya tsotse wani zafin ya riƙe a jikin tagar, sannan tagar ta dinga huro maka wani kasonsa cikin ɗaki. Ka samu duhu, zufa kuma ba ta tafi ba.

23/ Lambobin da kuke ji, 5, 20, 35, ba ma'aunin sanyi ba ne. Kason hasken da ke ratsawa ne cikin ɗari. Mai lamba 5 ta fi duhu, shi ke nan abin da lambar ta ce. Akwai leda mai haske da ta fi baƙa korar zafi, don an yi ta da ƙarfe ko yumɓu mai laushi maimakon rini. Amma je ka ce wa saurayi ya sa mai haske, zai ce to wa zai san ya sa?

24/ A kan roba kuwa baƙin rini laifi biyu ne. Yana ƙara wa robar zafi, zafi ya ƙara tururi, ya ƙara miƙewa. Wato ledar da ka saya ita ke hura wutar da za ta ci ta. Akirilik ma ba ta da juriyar folikabonet, tana fara laushi tun wajen digiri 100, kuma tun kafin nan siririya takan fara lanƙwashewa in an matse ta.

25/ Bayan shekara kuma rinin ya koɗe ya koma shunayya. Kun sha ganin motocin haya da gilashin baya kalar makuba. Ba ado ba ne, rana ce ta cinye rinin.

26/ Sai maganar sirri, kuma a nan ba wasa nake ba. Yawancinmu a yankin nan ba don zafi kaɗai muke sa tintek ba. Muna so kada a ga abin da ke cikin shago. Kowa ya san halin da ake ciki, kowa ya san ba kowane mai zama a bakin shago ne mai sayayya ba.

27/ To ku sani, ledar da ke hana a gan ka, baƙa ce ko mai madubi, ba ta san ciki da waje ba. Ɓangaren da ya fi haske shi ake gani. Da rana waje ya fi haske, kai kana ganinsu, su suna ganin fuskarsu. Da magariba ka kunna ƙwan sola, sai abin ya juye. Na waje yana kallonka tar, kai kuma kanka kake gani a taga.

28/ Na gwada da kaina kafin tagar ta lalace. Bayan isha'i na tsaya tsallaken hanya, Yaya na ciki yana ƙirga cinikin ranar hankali kwance, ya ɗauka a ɓoye yake. Ina iya bambance dubu da ɗari biyar a hannunsa. Shi ko inuwata bai gani ba. Kifi na ganinka mai jar koma.

29/ Da babu tintek ɗin, da ya san ana ganinsa, da ya ja labule ko ya juya baya. Ledar ba ta kare shi ba, tsoronsa ta cire masa. Wannan ya fi bororo muni, kuma mai liƙawa bai ce masa uffan ba.

30/ Haka masu cewa "ledar tsaro." Aikinta a kan gilashi shi ne ta riƙe ɓaraguzai in ya fashe kada su watsu. Ba ta tare harsashi. Duk wanda ya ce maka tana tarewa, ka ce ya tsaya a bayanta. Folikabonet kuwa da ma ba ta fashewa kamar gilashi, to me ledar za ta riƙe?

31/ Tun da an zo nan: wannan ƙarfin nata ma abin lura ne. Ɗakin kwana mai ƙofa ɗaya, taga da ƙarfen bagilari, an kuma rufe da robar da guduma ba ta fasawa cikin sauƙi. In gobara ta tashi ta bakin ƙofa fa? A bar taga ɗaya mai buɗewa daga ciki. Akirilik kuma tana cin wuta sosai, kada a kafa ta kusa da janareto ko wurin da ake ajiye jarkar fetur.

32/ Wani zai ce, "Ni nawa shekara biyu babu abin da ya yi." Na yarda. Duba ko gilashi ne. In roba ce, duba ko rana na dukanta, don tagar da ke ƙarƙashin baranda ba ta shan abin da ta yamma ke sha. Akwai kuma robar da aka yi wa wani rufi mai tauri tun daga masana'anta, ita takan fi haƙuri. Ka ci sa'a, Allah ya ƙara. Amma mai karɓar kuɗin mutane ba da sa'a zai yi aiki ba.

33/ Wani zai ce, "Talaka ne yana neman na abinci, ka bar shi." Yaya ɗan gidan gwamna ne? Shi ma na abincin yake nema. Ban ce mutum ya san komai ba. Na ce in an kawo maka abin da ba ka taɓa aiki a kansa ba, ka ce ban sani ba, ko ka ce mu gwada a guntu tukuna. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

34/ Kuma a gaskiya su ma ba a koya musu ba. Yaro ya yi shekara biyu a gareji yana kallon oga na fesa ruwan sabulu yana jan leda da kati, ya iya hannu, an yaye shi. Babu wanda ya taɓa nuna masa takardar da ke cikin kwalin, in ma akwai takardar. Dilan da ya sayar masa da nadin ledar shi ma mita yake aunawa ya yanka. Kowa ya karɓi nasa, asara ta sauka a kan na ƙarshe.

35/ Abin dariya, ƙasar nan ta sha surutu a kan tintek. Akwai dokar 1991 da ta hana baƙin gilashi a mota sai da dalilin lafiya ko tsaro. A 2021 Sufeto Janar Usman Alkali Baba ya dakatar da ba da izini. A 2025 Kayode Egbetokun ya dawo da shi, aka sa 2 ga Oktoba ranar fara kame, ƙungiyar lauyoyi ta NBA ta garzaya kotu. Duk a kan takarda da kuɗin takarda.

36/ Wannan dokar ta mota ce, ba ta shafi tagar shagonka ba. Na kawo ta ne don ku ga inda hankalinmu yake. An yi wata da watanni ana musu a kan wa ya isa ya sa duhu, ban ji ana tambayar me ake sayar mana da sunan duhun ba. Direbobin da gilashin gefe ya fashe suka maye da roba suka bi da tintek, ku abin ya haɗe muku biyu: ga ɗan sanda, ga bororo.

37/ To me za a yi? Fara da sanin abin da ke tagarka. Karɓi guntun da aka yanke. Dubi bakinsa: akirilik bakinta na haske tas, folikabonet bakinta ya ɗan yi duhu-duhu. Lanƙwasa siririn guntu, ka kawar da fuska: akirilik karyewa take yi ƙas, folikabonet ta lanƙwashe ta ƙi karyewa. In takardar jikinta na nan, karanta, galibi an rubuta.

38/ Hanya mafi sauƙi, wadda da mun sani da ita muka bi: sayi robar da aka rina tun daga masana'anta. Akwai ruwan ƙasa, akwai toka-toka, akwai fara mai kamar madara. Kalar a cikin jikinta take, babu gam, babu abin da zai kumbura. Mai kamar madarar tana shigo da haske, kuma ko da dare ba a ganin abin da kake yi, sai dai inuwa.

39/ In folikabonet ce, gefe ɗaya yawanci an yi masa kariya daga hasken da ke sa ta yi rawaya ta yi gautsi. An rubuta a ledar da aka rufe ta da ita. Wannan gefen shi zai kalli rana. In an juya shi, shekaru kaɗan ta koma kalar shayi.

40/ Don Allah kuma a ɓare wannan ledar kariya da zarar an gama ɗaurawa. Mun iya barin leda a jikin kaya don a san sabo ne, kujerar mashin, talabijin, har firij. A kan taga rana za ta gasa ta ta manne, ka dawo kana neman reza.

41/ In roba ta riga ta hau kuma lallai sai ka sa leda, akwai wadda aka yi musamman don roba. Gam ɗinta daban ne, an yi shi ya jure tururi da miƙewa, kuma da yawansu ta waje ake liƙa su don su kori rana tun kafin ta shiga robar. Ta fi tsada, kuma ba kowane shago za ka same ta ba. Ka ce a nuna maka kwali ko takarda inda aka ambaci sunan irin robarka. Babu rubutu, babu ciniki. "Wallahi tana yi" ba takarda ba ce.

42/ Ko an nuna maka, gwada. Liƙa tafin hannu ɗaya a guntun da ya rage, jefa shi kan kwano ya sha rana sati biyu ko uku. Kwanon Gwashi a watan Afrilu ya fi ɗakin gwaje-gwajen makarantarmu faɗin gaskiya.

43/ Akwai kuma mai mannewa ba gam, irin mai taushi da ake ɓarewa a mayar. Tana da sauƙin cirewa, amma a yi hattara da ita a kan folikabonet. Yawancinta an yi ta ne da irin robar da ake zuba wa wani mai don ta yi laushi, kuma man nan kan ratsa folikabonet ya sa ta tsage. Ita ma a gwada a guntu.

44/ Wanda ya riga ya liƙa kuma ta fara kumbura: kada ka kankare. Bari rana ta ɗumama ta, kama kusurwa da farce, ja a hankali. Ragowar gam, ruwan ɗumi da sabulun wanke kwanuka da tsumma mai laushi. In ya ƙi, ɗan kananzir a tsumma, ka fara gwadawa a lungu, sannan ka wanke da sabulu nan take. Ba lallai ta dawo sabuwa ba, amma za ka tsira da taga.

45/ Ƙurar hunturu ma kada a share ta da busasshen tsumma. Yashi ne, goge shi a bushe kamar sa takardar sanfefa ne. Zuba ruwa ya tafi da ita tukuna.

46/ Ga wadda na san za ku yi min dariya a kanta. Abin da ya fi kowace leda korar zafi shi ne kada rana ta taɓa tagar tun farko. Rumfa. Zana. Asabari a rataye ta waje. Bishiyar dogon yaro in kana da haƙuri. Zafin da aka tare a waje iska ke tafiya da shi. Wanda ya riga ya shiga jikin taga, rabonka ne.

47/ Kakanninmu da suka yi ɗakin ƙasa mai kauri da 'yar ƙaramar taga can sama ba rashin wayewa ba ne, sun san ranar garinsu. Mu muka zo muka buɗe ƙatuwar taga tana kallon yamma don haka muka gani a hoton gidajen Abuja, sannan muka koma muna sayen baƙar leda mu toshe ta. Ka ce wa saurayi ya kafa zana a gaban shago, sai ya ce za a ce masa baƙauye. Da bororo a taga dai ba a ce maka ɗan birni ba.

48/ Na faɗa wa Yaya haka a waya. Ya yi shiru, ya ce, "To ai da ka faɗa tun ranar." Na ce, "Yaya, na faɗa, hararata ka yi." Ya ce in bar tone-tone in faɗi abin da za a saya.

49/ Yanzu mai kamar madara ce a tagar, an bar 'yar kafa mai murfi ta miƙa kuɗi da waya. Ta waje an kafa sanda biyu an ɗora zana, masu jiran caji ma sun samu wurin zama. Da magariba yana sakin labule kafin ya buɗe aljihun tebur.

50/ Tsohuwar tagar tana nan a bayan shago, Inna ta ce a bar mata za ta rufe akurkin kaji. Na ɗauki hotonta kusa-kusa, da bororon da tsagar, zan ɗora a ƙasan zaren nan in sabis ya yarda. Ku nuna wa duk wanda ya zo muku da kati da ruwan sabulu.

51/ Mai aikin kuma an ce min satin da ya wuce an gan shi yana auna tagar wani kemis a ƙauyen da ke gaba da mu. Ita ma roba ce. Na tura wa mai kemis ɗin hoton ta WhatsApp, har yanzu alama ɗaya ce, bai shiga ba.